Wata ikilisiya a Jamus za ta taimaka wa unguwarmu: ta ina za mu fara?

Dattijon Ikilisiya:

Salama a gare ku 'yan'uwa. Ina neman shawara ne a madadin majalisar dattawan ikilisiyarmu.

Majami'armu tana wata unguwa a bayan garin Jos, irin unguwannin da suka tsiro ba tsari: ba titi, ba magudana, ruwan famfon gwamnati bai taɓa isowa ba. Gidaje sun kai 300, mutane wajen 1,800. Kirista sun fi yawa, akwai Musulmi ta gefen gabas, akwai kuma waɗanda rikici ya koro daga ƙauyuka suna zaman haya ɗaki ɗaya ɗaya. Rijiyoyin gida suna ƙafewa tun daga Fabrairu. Daga nan mai hali ya sayi ruwa wurin 'yan garuwa, marar hali kuma matarsa da 'ya'yansa su gangara tsohon ramin kuza. Da damina ta sauka sai gudawa ta kama yara, domin gidaje da yawa ba su da masai.

Wata ikilisiya a Jamus ta rubuto tana son mu ƙulla zumunci, sun ce za su iya tara kimanin Yuro 12,000 cikin shekara biyu. Mu kuma kanmu ya rabu. Dattawa suna son rijiyar burtsatse mai sola a harabar majami'a, zumuntar mata suna son jari, matasa suna son a gina ban-ɗaki na jama'a. Wanne ya kamata ya zo farko? Wa zai riƙe kuɗin? Kuma me ke kashe irin waɗannan ayyuka? Don unguwannin da ke kusa da mu cike suke da tankuna da allon sunan masu bayarwa, ruwa kuwa babu ko ɗigo.

Ma'ajin Gunduma:

Baba Dattijo, barka da ɗawainiya. Kafin a zaɓi aiki, a warware maganar fili da ta kuɗi, domin su biyun ne suka fi kashe zumunci irin wannan, ba ƙarfe ko siminti ba.

Maganar harabar majami'a, ina roƙon dattawa su sake dubawa. Kowa ya san yadda Jos ta koma tun bayan 2001, da 2008, da 2010: unguwanni sun rabu, akwai matar da ƙishirwa za ta kusa kashe ta amma ba za ta tsallaka ƙofar majami'a da jarka ba, kamar yadda wata ma ba za ta shiga harabar masallaci ba. Ban da wannan, ana kulle ƙofa da dare, ana hana ɗiba lokacin sujada, kuma duk ranar da famfon ya lalace mutanen unguwa za su ce na coci ne, coci ta gyara. In binciken ƙasa ya nuna ruwan yana cikin filin majami'a, a haƙa a nan, amma a ja bututu a fitar da kawunan famfo bakin hanya, a kai wasu gefen gabas ɗin da kuka ambata.

Duk inda za a haƙa ko a kafa tanki, a samu takarda. "Na ba Allah" da baki ba ya tsayawa bayan mai filin ya rasu, magada sukan taso su ce rijiyar tasu ce, su sa kwaɗo. A rubuta takardar kyauta ko ta ciniki, da awon wurin, ko da ƙafa 20 ne a kan 20, mai fili da manyan 'ya'yansa su sa hannu, mai unguwa da shaidu daga ɓangarorin biyu su sa nasu. Tunda unguwar ba ta cikin tsari, a leƙa hukumar JMDB mai kula da tsarin garin Jos a tabbatar wurin bai faɗa kan hanyar da za a fitar nan gaba ba, ba ya kuma ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki.

Sai kuɗi. Kada su shiga asusun baiko na majami'a, kada kuma su shiga asusun fasto ko na wani ɗan unguwa da ke Turai, komai amincinsa. Ba zargi ba ne. Fastoci ana yi musu canjin wurin aiki, sabo ya zo bai san komai a kan alkawarin da aka yi ba, in kuma kuɗin aiki suka cakuɗa da na baiko, wata rana za a ranci kaɗan a yi rufin majami'a da niyyar mayarwa, shi ke nan. Yawancin ƙananan ikilisiyoyi ma ba su da rajistar kansu a hukumar CAC mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, uwar ɗarika ce ke da ita, banki kuma zai nemi wannan rajista da takardar SCUML, wato ta ofishin hana halasta kuɗin haram, kafin ya yarda kuɗin waje su riƙa shigowa. Hanya mafi sauƙi ita ce a bi ta gunduma da sashen raya al'umma na ɗarikarku. ECWA tana da POD, COCIN tana da CCDP, EYN tana da ICBDP, Katolika suna da JDPC da Caritas, ga kuma CRUDAN a nan Jos da ke horar da ikilisiyoyi na ɗariku daban-daban. Za su ɗauki wani kaso na kula da aiki, a tambaye su nawa ne tun farko a rubuta. Asusun aikin ya zama na daban, masu sa hannu uku, dole biyu su sa kafin kuɗi su fita, ɗaya daga cikinsu mace, ɗaya kuma ɗan unguwa da ba ɗan majami'arku ba.

A bar kuɗin a Yuro, a riƙa canzawa gwargwadon matakin aikin da aka kai. A watan Yuni 2023 da aka bar kasuwa ta yanke darajar naira, dala ɗaya tana wajen naira 460, kafin ƙarshen Fabrairu 2024 ta haura 1,500, farashin siminti da rodi da famfo suka bi ta. Ikilisiyar da ta canza kuɗinta duka tun farko ta ajiye naira, rabin aiki ta iya yi. A kasafi a ware kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na abin da ba a zata ba.

Yarjejeniya da mutanen Jamus ta zama a rubuce, shafi biyu ko uku sun isa: me za su biya, me unguwa za ta kawo, yaushe ake aika rahoto, wa ke da aikin bayan an gama, me za a yi da rarar kuɗi, wa zai biya jirgi da masauki in sun zo ziyara. Wannan na ƙarshen ba ƙarami ba ne, tafiyar mutum uku za ta iya cinye kashi mai tsoka na Yuro 12,000. Rahoto duk wata uku, da hoton rasit da bayanin banki. In abu ya ɓaci a gaya musu a makon da ya ɓaci. Su ma baikon tsofaffi da gwauraye suke tarawa, kuma dokar ƙasarsu tana tambayarsu inda kowane Yuro ya tafi. Jinkiri suna iya jure shi, ɓoyewa ce ke yanke zumunci. Kuma a daina jera yara marasa riga ana ɗaukar hotonsu don a motsa zuciyar masu bayarwa. 'Ya'yan mutane ne, a nemi izinin iyayensu.

Injiniyan Ruwa:

Baba, ina gaisuwa. Ruwa shi ne farko, a nan dattawa sun yi daidai. Amma a yi lissafi kafin a yi wa jama'a alkawari.

Ƙa'idojin Sphere, waɗanda ƙungiyoyin agaji ke aiki da su, sun sa lita 15 ga kowane mutum a rana a matsayin mafi ƙaranci, kan famfo ɗaya ga mutum 250, famfon tuƙa-tuƙa ɗaya ga mutum 500, kuma kada tafiya ta wuce mita 500. Mutum 1,800 sau 15, lita 27,000 ke nan kullum. Ƙasar Jos dutse ce, ruwan yana cikin ruɓaɓɓen dutsen sama da tsagogin da ke ƙarƙashinsa, ba shimfiɗe yake ko'ina ba. Rijiya biyu masu tazarar mita 50, ɗaya ta cika ɗaya ta bushe. In aka samu mai ba da rabin lita a daƙiƙa, wato lita 1,800 a awa, an gode Allah. Sola kuma tana aiki sosai na wajen awa shida a rana. Lita 10,800 ke nan, bai kai rabin buƙata ba. Don haka rijiya ɗaya ba za ta shayar da unguwar duka ba. A faɗa wa mutane tun yanzu cewa wannan ruwan sha da girki ne, wanki da wanka a ci gaba da rijiyoyin gida muddin suna da ruwa. In ba a faɗa ba, layi zai yi tsawo, faɗa ya tashi, a ce kwamiti yana nuna bambanci.

Ga yadda aikin ya kamata ya bi. A ɗauki masanin binciken ƙasa daban, wanda ba yaron mai haƙa ba ne, ya auna wurare uku ko huɗu da na'ura ya rubuta rahoto. Mai haƙa in shi ya kawo nasa, wurin da motarsa za ta shiga cikin sauƙi zai nuna. Wurin ya yi nisan aƙalla mita 30 daga kowane masai ko juji, ya kuma kasance ta saman gangare, ba ƙasansu ba. A unguwa mai cunkoso wannan shi ne abu mafi wuya, kuma shi aka fi yi wa ido rufe. A yi haƙa da gwaji a Maris, lokacin da ruwan ƙasa ya fi sauka. Rijiyar da aka gwada a Satumba kowa za ta burge, ta ba da kunya da bazara.

Ranar haƙa mutum biyu na kwamiti su zauna daga farko har ƙarshe da littafi. Su auna tsawon sandar haƙa ɗaya, su riƙa ƙirga kowace da ta shiga, domin da mita ake biya, kuma a nan ake ƙarin mita goma na baki. Su ƙirga bututun da aka zura, su ga mai kaurin ne da aka rubuta a kwangila ba na kwata ba, su ga masu tsaga-tsagan sun sauka daidai inda aka samu ruwa. Tsakuwar da za a zuba kewaye da bututu ta zama ta rafi, wankakkiya, mai girman milimita 2 zuwa 4. Dutsen da aka fasa da inji yana toshe tsagogin, kuma ba ya tace yashi. Mita biyar ko shida na sama a cike su da kunun siminti. Wannan matakin ne 'yan kwangila suka fi tsallakewa saboda ba ya ganuwa, kuma rashinsa ne ke sa ruwan kwata da na masai su bi jikin bututu su gangara da damina. Sannan a hura iska da kwamfuresa har ruwan ya fito garau ba yashi.

Kada a sayi famfo kafin gwajin ruwa. A sa famfon gwaji ya yi ta ja awa 24 ba tsayawa, ana auna yadda ruwan ke sauka, a kashe a auna yadda yake dawowa. Sakamakon ne zai faɗi girman famfo da zurfin da za a rataye shi. Babban abin da ke ƙona famfon sola shi ne a sa wanda ya fi ƙarfin rijiyar: ya zuƙe ruwan cikin minti talatin, ya ci gaba da juyawa a bushe. Ga rijiya mai lita 1,800 a awa da za a ɗaga ruwanta mita 60 har cikin tanki, famfo mai wat 750 da farantan sola na wat 1,000 zuwa 1,200 sun isa. A sa na'urar da ke kashe shi in ruwa ya sauka, da wadda ke kashe shi in tanki ya cika. Batir ba a buƙatarsa, tanki shi ne ma'ajiya. A kai ruwan ɗakin gwaji: kada a samu ƙwayar E. coli, mai nuna bayan gida ya shiga ruwa, ko ɗaya a mililita 100, sinadarin naitiret kada ya wuce miligiram 50 a lita, sinadarin fuloraid kada ya wuce miligiram 1.5 a lita. Na ƙarshen nan ba wasa ba ne a Filato, duk wanda ya san yankin Langtang ya ga haƙoran da ya rina. Hukumar PRUWASSA mai kula da ruwan sha da tsabtar karkara a Jihar Filato tana da ma'aikatan da za su iya duba rahoton haƙa, su kuma horar da kwamiti.

Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Tankin lita 10,000 tan goma ne a sama da kan yara. Gadon ƙarfen da za a ɗora shi injiniya ya zana, da harsashi mai kyau, ba mai walda ya kintata ba. Tsayin mita huɗu zuwa shida ya isa in kawunan famfo ba su yi nisa ba. Farantai a walde su cikin firam, a kewaye da waya, a binne sandar tsawa domin Jos wurin tsawa ce, a riƙa wanke su duk mako da hunturu saboda ƙura. Wurin ɗiba a yi masa daɓen siminti da 'yar magudana zuwa ramin tsakuwa, in ba haka ba taɓo da sauro.

Biya kuwa kashi-kashi: kaɗan na shigo da injin, sai bayan gwajin ruwa, sai bayan an haɗa komai, a riƙe kashi 10 cikin ɗari na wata shida. A rubuta ƙarara wa zai ɗauki asara in rami ya fito a bushe. In aka ɗora wa mai haƙa duka, zai sa famfo a rami mai ɗan gumi ya ce an samu ruwa. Gara a yarda a biya shi kuɗin mitocin da ya haƙa a farashin da aka rage, a koma wuri na biyu.

Ra'ayina: in kuɗin sun isa bayan wannan, rijiya ta biyu a sa mata tuƙa-tuƙa a ɗaya gefen unguwa, samfurin da ake kira Afridev in ruwan bai wuce zurfin mita 45 ba. Matasa biyu da aka horar za su iya canza robobinsa da kansu, kuma ranar da solar ta tsaya ba a koma ramin kuza ba. Ban-ɗakin jama'a a dakata da shi. In ba mai tsaro da mai wankewa da ake biya, wata uku ya zama abin gudu. Gara a koya wa magina biyu zuba murfin masai na siminti, kowane gida ko gidaje biyu su haƙa nasu.

Maman Zumunta:

Baba sannu da ƙoƙari. Injiniya ya gama maganar ƙarfe, ni ta mutane zan yi, don tankunan da kuka gani a bushe yawancinsu ba rijiyar ce ta mutu ba. Abu ne ƙarami ya lalace, ba kuɗi a asusu, ba wanda ya ga nasa ne, aka zauna jiran masu allon su dawo.

Wata shida na farko kada a taɓa ko Yuro ɗaya a gini. A zauna da unguwa. Tsarin da ƙungiyar agaji ta Kirista mai suna Tearfund ke koyarwa na tada ikilisiya da al'umma yana farawa ne da nazarin Littafi Mai Tsarki, irin labarin gwauruwar nan ta 2 Sarakuna 4 da aka tambaye ta me take da shi a gida, sannan ikilisiya ta fita ta zauna da maƙwabta a zana taswirar unguwa a ƙasa: ina rijiyoyi, ina juji, wa ke da yashi, wa ya iya gini, gidaje nawa ne ba masai. A yi zaman mata daban, don a gaban mai unguwa da dattawa ba za su ce komai ba, alhali su ne masu ɗiba, su suka san wace hanya ce yarinya ba ta bi da magariba. A je wa mai unguwa da limamin gefen gabas tun kafin a yanke shawara, ba ranar buɗewa a kai musu katin gayyata ba. Kuma a faɗa a fili cewa ba a haɗa ruwan da zuwa sujada ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya: unguwa ta kawo yashi, dutse, haƙan ramin bututu da abincin ma'aikata, a ƙiyasta kuɗinsu a rubuta a rahoto kusa da na Jamus.

Kwamitin ruwa mutum bakwai ko tara, taron unguwa ya zaɓe su, aƙalla rabi mata, da Musulmi a ciki, da ɗaya daga masu gudun hijira. Wa'adi shekara biyu. Fasto da mai unguwa su zama iyaye masu sasantawa, kada su riƙe kuɗi.

Game da jarin da mata ke nema: kada a raba musu kuɗin Jamus a matsayin bashi. Da an ji kuɗin Turawa ne ta hannun coci, ba mai biya, kuma ba dattijon da zai iya bin gwauruwa bashi ranar Lahadi. Abin da ke aiki shi ne asusun adashi da lamuni irin na Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar agaji ta CARE ta fara da matan yankin Maraɗi a Nijar a 1991, daga can ya bazu ƙasashe da dama. Mata 15 zuwa 25 da suka zaɓi junansu, taro duk mako. Su ne za su yanke kuɗin hannun jari ɗaya, daidai abin da mafi talaucinsu za ta iya, kowa ta sayi ɗaya zuwa biyar a mako, a buga mata hatimi a ɗan littafinta. Akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullai a hannun mata uku, akwatin a ɗakin ta huɗu, ba a buɗewa sai a gaban kowa. Shugabanni biyar: shugaba, mai rubutu, mai ajiye akwati, masu ƙirga biyu. Rance kada ya wuce ninki uku na abin da mace ta tara, ta biya cikin wata uku. Akwai ɗan asusun jin ƙai na daban don rashin lafiya da rasuwa, shi ba a rantawa. Bayan wata 9 zuwa 12 a fasa, kowa ta ɗauki nata da ribar da ta hau gwargwadon hatiminta. Inda akwai mata Musulmi da ba su yarda da ƙari a kan rance ba, ƙungiya ta sayi kayan da mace ke so, buhun masara ko gawayi, ta sayar mata a kan ribar da aka yi ciniki. Abin da Jamus za ta biya kawai akwati, littattafai, hatimi da mai horarwa. Kuɗin waje kada ya shiga akwatin ko sisi. Inda ake samun matsala: shugaba ta karɓi makullai biyu "don sauƙi", ko a ranta wa mijin wata da ba ɗan ƙungiya ba, ko akwati ya cika dab da rabo ɓarayi su ji labari. A watannin ƙarshe a kai kuɗin banki.

Dattijon Ikilisiya:

Na gode ƙwarai, Allah ya sāka. Zan karanta wa majalisa duka. Abu ɗaya ne na san zai kawo gardama: sayar da ruwan. Wasu dattawa za su ce kyauta aka ba mu, kyauta za mu bayar, kuma mutanen Jamus ma na iya jin ba daɗi in suka ji ana karɓar kuɗi a hannun matalauta. Sannan 'yan garuwa fa? Abincinsu ke nan.

Ma'ajin Gunduma:

Baba, rijiyar ce kyauta, gyaranta ba kyauta ba ne. Kan famfo da ɗaruruwan hannaye ke murɗawa kullum wata biyu ko uku yake yi. Bututu yana fashewa, akwatin sarrafa famfo tsawa na iya ƙona shi, famfon kansa wata rana sai an canza, mai tsaro kuma yana da iyali. Tun yanzu matalautan nan suna biyan 'yan garuwa, kuma su suka fi kowa biya da tsada tunda jarka ɗaya ɗaya suke saye. A nuna wa mutanen Jamus wannan lissafin, za su fahimta; a ƙasarsu ma kowane gida yana biyan kuɗin ruwa.

Lita 10,000 jarka 400 ce ta lita 25. A sa farashin jarka a rabin na 'yan garuwa ko ƙasa da haka, taron unguwa ya amince. A raba abin da ya shigo gida uku: albashin mai tsaro da mai sayarwa, ƙananan gyare-gyare, da ajiyar babban gyara wadda ke banki ba a taɓa ta sai da sa hannun mutum biyu. A tambayi mai sayar da famfo kuɗin sabo da na akwatinsa, a raba a kan shekara biyar, a ga ko kashi na uku yana cika wannan. In bai cika ba a ƙara farashi kaɗan, a kuma sake dubawa duk shekara saboda faɗuwar naira. A sa mita mai ƙirga litar ruwa a bakin tanki. Kowace yamma a rubuta lambar mita da kuɗin da aka tara, in lita 10,000 ta fita aka kawo kuɗin jarka 250, kowa ya ga akwai tambaya. A karanta lissafi a taron unguwa duk wata, a manna kwafi a jikin gadon tanki, ba a allon sanarwar majami'a kaɗai ba.

Masu cewa kyauta suna da gaskiya a kan mutum ɗaya: wanda ba shi da ko sisi. Kwamiti da zumuntar mata da matan gefen gabas su fitar da sunayen gidajen tsofaffi, gwauraye marasa mai taimako da naƙasassu, a ba kowane gida kati na jarka biyu kyauta a rana, a sake duba sunayen duk wata shida. In ikilisiya tana son ta yi jin ƙai, ta biya kuɗin waɗannan katunan daga baikonta zuwa asusun ruwa.

Injiniyan Ruwa:

'Yan garuwa a kira su zama tun farko, kada su ji labari a bakin hanya, domin wanda aka toshe wa abinci shi ya fi sanin inda bututu ya bi. A ware musu kan famfo ɗaya mai faɗin inci ɗaya a gefe, inda kura za ta tsaya ba ta tare mata ba, su riƙa saye a farashin kowa suna kai wa gidajen nesa da masu abinci. Amma a ba su lokaci: daga ƙarfe 12 zuwa 3 na rana, sa'ad da rana ta take kuma tanki ke cika, da iyakar kura nawa a rana gwargwadon abin da mita ta nuna a Maris. Safiya da yamma na masu jarka ɗaya da bokiti ne. Mai tsaron dare da masu wanke farantai ma a fara nema a cikinsu.